Babi na Tara: Su na Nishaɗi da Fasahar Haɗa Koton Yaudara

9.0 Gabatarwa

Su yana ɗaya daga cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa, musamman a wuraren da Allah ya albarkata da manyan koguna da tafkuna, irin su Argungu da Yawuri a Jihar Kebbi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da gaɓar tafkin Cadi, da Gaya ta Jamhuriyar Nijar. A waɗannan wurare masunci yakan shiga ruwa ne domin ya ciyar da iyalinsa, ya kuma kai saura kasuwa. Sai dai akwai wani nau'in su da ya bunƙasa a Turai da Amurka, wanda mai yin sa ba abinci ko riba ke kai shi bakin ruwa ba. Yakan wuni yana jefa fatsa, in ya kama kifi ya auna shi, ya ɗauki hoto, sau da yawa ma ya mayar da shi ruwa da ransa. Da yawa daga masu wannan sha'awa ba sa soka wa ƙugiya tana ko fara. Wani ɗan abu suke sassaƙawa da hannunsu mai kama da kifi ko ƙwaro, su yaudari kifin da shi.

Dalilai biyu ne suka sa aka kawo wannan batu a cikin darasin Hausa. Na farko, ɗalibai suna ganin irin wannan su a talabijin da intanet, kuma malamin Hausa suke tambaya sunan abin da suka gani. Na biyu, kalmomin su na gargajiya suna ta ɓacewa daga bakin yaran birni, har ya zamana ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba ya iya bambanta koma da taru. Malamin da bai san waɗannan tsofaffin kalmomi ba, idan sabon abu ya zo, ba shi da abin da zai yi illa ya kwashi Ingilishi ya zuba wa yara.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambanta su na nishaɗi da sauran nau'o'in su;
(b) bayyana yadda koton yaudara yake jawo kifi;
(c) kawo matakan haɗa nau'i biyu na koton yaudara;
(d) amfani da kalmomin Hausa na asali wajen raɗa wa baƙin abubuwa suna.

9.2 Nau'o'in Su

Idan aka dubi manufar mai yin sa, ana iya kasa su gida uku.

Su na sana'a shi ne wanda Sarkawa da sauran masunta suka gada kaka da kakanni. Kayan aikinsa sun haɗa da taru da birgi da kalli da koma, da mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa, da gura da sankiya waɗanda ake ɗana wa kifi kamar tarko. Buƙatar mai wannan su ita ce ya kama da yawa cikin ɗan lokaci.

Su na al'ada kuwa shi ne wanda jama'a kan taru su yi a wani keɓaɓɓen lokaci, bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini. Fitaccen misali shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a siffarsa ta yanzu a shekarar 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban masu gasa kan faɗa ruwan Matan Fada da homa da gora, wanda ya fito da kifi mafi girma shi ne gwani. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Su na nishaɗi shi ne kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya domin hutu ko gasa. Tushensa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin da damina yara kan sami kara ko sandar gora, su ɗaura zare da ƙugiya, su sa ɗan guntun totuwa ya riƙa yawo a kan ruwa, su zauna a bakin kududdufi suna jira. Wannan ita ce fatsa. Abin da Turawa suka yi shi ne mayar da ita sha'awar manya, da ƙungiyoyi da dokoki da kundin tarihi. Alal misali, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai adana bayanan manyan kifayen da aka kama da fatsa an kafa ta ne a shekarar 1939.

9.3 Koto na Gaskiya da Koton Yaudara

Koto shi ne abin da ake maƙala wa ƙugiya domin kifi ya haɗiya. Koto na gaskiya abinci ne, kamar tana, ko gara, ko fara, ko ɗan kwaɗo, ko kayan cikin kaza. Aikin mai fatsa a nan haƙuri ne kawai: ya jefa, ya zauna, ƙanshin koton ya kira kifi. Koton yaudara kuwa itace ne ko ƙarfe ko roba ko gashin tsuntsu. Idan aka jefa shi aka bari yana kwance, babu kifin da zai kula shi. Dole sai an riƙa jan sa, ana sassautawa, ana fizga, har ya yi kama da abu mai rai.

Hanyoyi uku ne yake yaudarar kifi. Ta farko ita ce gani. Ƙananan kifaye suna da ɓawo mai ƙyalli, idan suka juya sai hasken rana ya walƙa a jikinsu, kuma wannan walƙiyar ce babban kifi yake bi. Ta biyu ita ce motsin ruwa. A kowane gefe na jikin kifi akwai wani layi da ya taso daga bayan kai zuwa wutsiya, wanda da shi yake jin girgizar ruwa ko da cikin duhu ne ko ruwa ya gurɓace. Wannan ne ya sa koton da ke karkaɗawa yake jawo kifi tun kafin ya gan shi. Ta uku ita ce ɗabi'ar mafarauci. Kifin da ke cin 'yan'uwansa ba ya son ya ɓata ƙarfinsa wajen bin mai lafiya. A cikin garke, wanda ya ji rauni yana tangaɗi shi yake fara kai wa cafka. Saboda haka koto mafi kyau shi ne mai kwaikwayon kifin da ya jigata. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma a kan wannan ne dukkan fasahar ta ginu.

9.4 Taƙaitaccen Tarihi

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanai a rubuce game da koton yaudara ya fito ne daga wani marubucin daular Rum mai suna Aelian, wanda ya rayu a wajejen shekara ta 200 Miladiyya. Ya bayyana yadda mutanen Masedoniya suke naɗa jan ulu a jikin ƙugiya, su ɗaura gashin zakara guda biyu, domin su kwaikwayi wani ƙwaro da kifayen koginsu ke so. A Ingila, a shekarar 1496, an buga wata maƙala da ta bayyana yadda ake ɗaura irin waɗannan ƙwari na ƙarya har guda 12, kowanne da watan da ya dace da shi. Sai kuma Izaak Walton, wanda littafinsa mai suna The Compleat Angler ya fito a shekarar 1653, ya kuma yi tasiri ƙwarai wajen sa Turawan Ingila su ɗauki fatsa a matsayin hanyar hutu da natsuwa.

Koton ƙarfe da na itace sun bunƙasa ne a Amurka a ƙarni na 19. Ana ba da labarin cewa wani mai suna Julio Buel cokalinsa ne ya suɓuce ya faɗa tafki, ya ga kifi ya kai masa hari yana nitsewa yana walƙiya. Ya yanke mariƙin wani cokali ya sa masa ƙugiya, daga baya kuma ya sami takardar mallakar fasahar a shekarar 1852. Haka nan James Heddon, wani mai kiwon zuma a Jihar Mishigan, ya fara sassaƙa koto daga itace a ƙarshen shekarun 1890, kafin ya kafa kamfani a shekarar 1902.

Labarin da ya fi dacewa da ɗalibi shi ne na Lauri Rapala, mutumin ƙasar Finlan. Talakan masunci ne da ke ciyar da iyalinsa da abin da ya kama a tafkin Paijanne. Yawan zama a cikin kwalekwale ya sa ya lura da yadda manyan kifaye ke zaɓen ɗan kifin da ke tangaɗi a cikin garke. A shekarar 1936 ya ɗauki wuƙar baduku ya sassaƙa ɓawon itace mara nauyi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi da shi don kada ruwa ya shiga. Da wannan ya rage wahalar soka wa ɗaruruwan ƙugiyoyi koto a kowace rana. A shekarar 1962 mujallar Life ta Amurka ta buga labarinsa, buƙatar koton ta haura ƙwarai, kuma har yau sunan Rapala na cikin fitattu a wannan fage. Abin lura a nan shi ne, koton da masu nishaɗi ke ji da shi a yau masunci ne ya ƙirƙiro shi da tarkacen da ke gidansa.

9.5 Ire-iren Koton Yaudara

Akwai manyan nau'o'i guda biyar:

(i) Cokali: ƙarfe ne mai ɗan rami kamar bakin cokali, yana tangaɗi yana walƙiya idan aka ja shi.

(ii) Mai farfela: waya ce da aka zura wa wani ɗan faifan ƙarfe mai juyawa kamar farfela. Injiniyan nan na Faransa, André Meulnart, ya fito da fitaccen samfurinsa mai suna Mepps a shekarar 1938.

(iii) Kifin itace: ana sassaƙa shi da siffar ɗan kifi, a sa masa leɓe a ƙarƙashin kai domin ya nitse ya riƙa karkaɗawa.

(iv) Ƙwaron gashi: ƙugiya ce da aka naɗa wa zare da ulu da gashin tsuntsu. Shi ne nau'in da Aelian ya bayyana.

(v) Tanar roba: roba ce mai taushi da aka narka aka zuba a mazubi mai siffar tana. Wasu ma'aurata, Nick da Cosma Creme, su suka fara yin ta a gidansu a Jihar Ohayo ta Amurka a shekarar 1949.

9.6 Yadda Ake Haɗa Koton Yaudara

Masu sha'awa kan fi son haɗa nasu saboda na kanti yana da tsada kuma yana yawan maƙalewa a duwatsu da saiwoyi ya tsinke. Bugu da ƙari, wanda ya haɗa da kansa yana iya daidaita shi da girman ƙananan kifayen ruwan da yake su a ciki. Za a kawo matakan nau'i biyu waɗanda kayansu ba sa wuyar samu.

9.6.1 Cokali

Ana samun tsohon cokalin shayi na ƙarfe mara tsatsa, a yanke mariƙinsa da zarto, a goge wurin da magagari har ya yi sumul. Sai a huda shi a kai da gindi. A kowane huji ana zura ɗan zobe na waya. Zoben ɓangaren da ya fi faɗi shi ke ɗaukar ƙugiya mai baki uku. Na ɓangaren siriri kuwa ana haɗa shi da majuyi, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa don kada zare ya murɗe. A ƙarshe a goge cokalin da toka har ya yi ƙyalli. Wasu kan shafa jan fenti a cikin ramin, domin idan yana juyawa ya riƙa nuna launi biyu.

9.6.2 Kifin Itace

Wannan ya fi buƙatar lura, kuma a nan ne ake gane gwani.

Mataki na farko shi ne zaɓen itace. Dole ya kasance mara nauyi, busasshe, mai sauƙin sassaƙa. Turawa sun fi amfani da itacen balsa. A ƙasar Hausa rimi da gurjiya suna da wannan siffa. Ana yanko guntu mai tsawon santimita 8 zuwa 10, a zana siffar kifi a gefensa da kuma a bayansa, a sassaƙa da wuƙa mai kaifi, a goge da samfefa. Wajibi ne ɓangaren dama da na hagu su yi daidai, domin ɗan bambanci kaɗan yakan sa koton ya karkace a cikin ruwa.

Mataki na biyu shi ne sanya waya. Ana tsaga siririn rami a cikin kifin daga baki zuwa wutsiya, a kwantar da waya mara tsatsa wadda aka lanƙwasa ta yi idanu uku: ɗaya a baki don ɗaura zare, ɗaya a ciki, ɗaya a wutsiya don ƙugiyoyi. Hikimar yin amfani da waya guda ita ce, ko da babban kifi ya farfasa itacen, yana nan maƙale a jikin waya.

Mataki na uku shi ne nauyi. Itace kaɗai yakan kwanta a gefe a kan ruwa. Sai an cusa ɗan ƙarfe a cikinsa, gaba kaɗan da tsakiya, kafin ya tsaya baya sama ciki ƙasa kamar kifi mai rai. Ana fara ɗaure ƙarfen da zare a gwada a cikin daro, a ƙara ko a rage, sannan a huda masa wuri a liƙe da gam mai jure ruwa.

Mataki na huɗu shi ne ado. Ana liƙa takarda mai ƙyalli a gefe biyu, a danna mata zanen ɓawo da bayan wuƙa, a shafa baƙin fenti ko shuɗi a baya, fari a ciki, a ɗiga idanu. Wannan tsarin launi kwaikwayo ne na yawancin ƙananan kifaye. Daga nan sai a shafe shi da man ƙyalli irin na kafintoci sau biyu ko uku, ana bari yana bushewa.

Mataki na biyar shi ne leɓe, wanda ake yankowa daga roba mai tauri a soka a ƙarƙashin kai. Idan aka ja koton, ruwa yakan bugi leɓen ya danna kan ƙasa, sa'an nan ya zame ta dama da hagu, abin da ke haifar da karkaɗawar da ake buƙata. Gajeren leɓe da ya sunkuya ƙasa yakan bar koton kusa da saman ruwa. Dogo wanda ya miƙe gaba yakan kai shi zurfi.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Idan aka ja koton ya riƙa karkata hagu, sai a lanƙwasa idon wayar baki zuwa dama kaɗan, idan kuma dama yake karkata, a lanƙwasa hagu. Kaɗan-kaɗan ake yi ana sake gwadawa har ya miƙe. Koton da aka ƙawata amma ba ya tafiya daidai ba shi da amfani, alhali mummuna mai kyakkyawan tangaɗi yana kama kifi.

9.7 Kifayen Ƙasar Hausa da Koton Yaudara

Ba kowane kifi koton yaudara yake kamawa ba. Ya fi tasiri a kan masu farauta da ido. Na farko a cikinsu shi ne giwan ruwa, wanda masu su na nishaɗi ke tafiya ƙasashe domin nemansa. A shekarar 2000 an kama wani mai nauyin kilo 104 da fatsa a tafkin Nasser na ƙasar Masar. Na biyu shi ne tsage, mai saurin kai hari da tsalle. Haƙoransa suna yanke zare, don haka sai an haɗa guntuwar waya tsakanin zare da koto.

Tarwaɗa da ƙurungu kuwa sun fi dogara da sansana da gashin bakinsu wajen neman abinci a ƙasan ruwa, saboda haka koto na gaskiya ya fi kama su. Karfasa ma yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa. Wannan ya nuna dalilin da ya sa yaran da ke fatsa a kududdufi, inda tarwaɗa da karfasa suka fi yawa, ba su taɓa buƙatar koton yaudara ba. Rashin yaɗuwarsa a ƙasar Hausa yana da nasaba da irin kifi da kuma manufar mai su, wanda taru da kalli suka fi biya masa buƙata.

9.8 Samar da Kalmomi

Duk bayanin da ya gabata an yi shi ne ba tare da an ari sunan ko da nau'i ɗaya na koto daga Ingilishi kai tsaye ba. Hanyoyi huɗu aka bi, kuma su ne malami zai riƙa bi a kowane fanni.

Hanya ta farko ita ce faɗaɗa ma'ana, wato ɗora wa tsohuwar kalma sabon aiki. Leɓe sashen jiki ne, amma an ba ɗan robar da ke ƙarƙashin kan kifin itace wannan suna saboda wurin da yake. Haka aka yi da ido da baki da cokali. Na'urar da ke naɗe zare a jikin sandar fatsa ana iya kiran ta ƙwarƙwaro, domin masaƙa da teloli sun daɗe da wannan kalma ga abin da ake naɗa wa zare.

Hanya ta biyu ita ce haɗa suna da suna ta amfani da mahaɗi. Jinsin kalmar farko shi ke zaɓar mahaɗin: koto namiji ne, don haka aka sami koton yaudara, tana kuwa mace ce, aka sami tanar roba. Wannan ƙira ita ce ta haifar da giwan ruwa da ragon ruwa tun zamanin da, wanda ke nuna cewa masunta sun daɗe suna raɗa wa kifaye suna da dabbobin tudu.

Hanya ta uku ita ce ƙirar sunan kayan aiki da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i. Kamar yadda buɗe ya ba da mabuɗi, goge ya ba da magogi, haka juya ya ba da majuyi, naɗa kuma zai iya ba da manaɗi a madadin ƙwarƙwaro.

Hanya ta huɗu ita ce harɗaɗɗen suna mai tushen aikatau. Al'adar mayar da kifi ruwa bayan an kama shi ana iya kiran ta kama-ka-saki, bisa ƙirar faɗi-ka-mutu.

Aro shi ne mafita ta ƙarshe, kuma ba laifi ba ne idan kalmar ta riga ta zauna a bakin jama'a, kamar roba da fenti da waya da farfela. Kuskuren da sababbin malamai suka fi yi shi ne gaggawar aro ko ƙirƙira kafin bincike. Kafin a raɗa suna, ya kamata a duba ƙamus, kamar na Bargery na shekarar 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na shekarar 2006, sannan a tambayi masu sana'ar. Sau da yawa abin da malami ke wahalar ƙirƙira wa suna, wani tsohon masunci a Yawuri yana da sunansa. Haka kuma a kula da karin harshe, domin kifi ɗaya yakan sami suna biyu ko fiye, kamar karfasa da wasu ke kira gargaza.

9.9 Koyar da Darasin a Aji

Ana iya raba darasin zama biyu. A zama na farko malami ya kawo hotuna ko ainihin kayan su, kamar ƙugiya da koma da gora, ya bar ɗalibai su faɗi sunayen da suka sani, ya rubuta a allo tare da garin da ake faɗin kowanne. Karin magana irin su "kifi na ganinka mai jar koma" za su taimaka wajen nuna cewa kalmomin suna raye a harshe ko da kayan sun yi wuyar gani. A zama na biyu ya nuna kifin itace da ya riga ya haɗa, ya ja shi a cikin daro, ya nemi ɗalibai su rubuta matakan haɗa shi da jimlolin umurni. Ta haka an koyar da al'ada da ƙirar kalma da rubutun bayani a lokaci guda.

Akwai abubuwa uku da ya wajaba a kiyaye. Kada a kawo koto mai ƙugiya cikin ajin ƙananan yara, domin ƙugiya mai baki uku idan ta shiga yatsa ba ta fita da sauƙi. Kada a kai ɗalibai bakin kogi ko dam ba tare da izinin makaranta da iyaye da rakiyar wanda ya san ruwan ba. Na uku, kada a yi amfani da dalma wajen ƙara wa koto nauyi. Dalma guba ce. A Ingila an haramta yawancin ƙananan nauyin dalma na fatsa tun shekarar 1987 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiyarsu suna mutuwa, a Jihar Zamfara kuwa gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a shekarar 2010. Guntun ƙusa ko 'ya'yan boris sun wadatar.

9.10 Kammalawa

A wannan babi an bayyana su na nishaɗi da bambancinsa da su na sana'a da na al'ada. An nuna cewa koton yaudara yana aiki ne ta hanyar ƙyalli da girgizar ruwa da kwaikwayon kifi mai rauni, an kuma bi tarihinsa daga Masedoniya zuwa Finlan, tare da matakan haɗa cokali da kifin itace. Daga ƙarshe an ga yadda kalmomin masunta da masaƙa da maƙera suka ɗauki nauyin bayanin wata baƙuwar fasaha. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Malamin da ya tanadi kalmomin sana'o'in gargajiya shi ne zai iya yi wa ɗalibansa bayanin sabon abu da harshensu.

9.11 Tambayoyi

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin su na sana'a da su na nishaɗi.
2. Me ya sa koton yaudara ya fi kama giwan ruwa da tsage a kan tarwaɗa?
3. Bayyana aikin leɓe da na nauyi a jikin kifin itace.
4. Wane darasi malami zai ɗauka daga tarihin Lauri Rapala game da samar da kayan koyarwa?
5. Ta amfani da hanyoyi huɗu da aka kawo a 9.8, raɗa wa kayan aiki biyar na wata sabuwar sana'a suna, tare da bayyana hanyar da ka bi a kowanne.

Jinga: Ziyarci wani masunci ko mai sayar da kifi a yankinku, ka tattaro sunayen kifaye 15 da na kayan su 10, ka tsara su bisa jinsi da jam'i.